Turaren wuta ya tara mini 'yan kwana-kwana a Shikago

Wata biyu da tarewata a Shikago, ran wata Juma'a na sa garwashi a kasko na zuba turaren wutan da Hajiya ta ƙullo mini daga Kano. Ko minti uku ba a yi ba wani farin faifai da ke manne a silin, wato na'urar gano hayaƙi, ya tsala ƙara. Na buɗe ƙofa hayaƙin ya fita, sai na barandar bene ya ɗauka shi ma. Kafin in gyara ɗankwali motar kwana-kwana na ƙofar gida, maƙwabta sun fito cikin sanyi suna kallona riƙe da kasko. Wallahi na ji kunya.

Da daddare na cire batirin. Mai kula da ginin ya gano, ya yi mini faɗa sosai, ya juya bayan na'urar ya nuna mini rubutun amerisiyam-241.

Ashe sinadari ne da ba a haƙo shi a ƙasa, a tukunyar nukiliya ake samar da shi daga wani sinadarin nukiliya da ake kira fulutoniyam. Masanin kimiyya Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka fara haɗa shi a 1944, a nan Shikago, shi ne na 95 a jerin sinadarai, aka raɗa masa sunan nahiyar Amurka. Wanda ke cikin faifan, ido ba ya ko ganinsa. Yana fesa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira alfa, waɗanda ko takarda ba sa ratsawa, su sa iskar da ke tsakanin wasu faranti biyu ta riƙa ɗaukar 'yar wutar lantarki. Hayaƙi na shiga, wutar ta ragu, ƙararrawa ta tashi. Sai ya shekara 432 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, amma na'urar kan canja ta duk shekara 10.

Takaicina, ba ta kai dala 20 ba. Mu kuwa a gida duk hunturu sai jajen gobara: hita a bokiti, gawayi a ɗaki, mutane na barci. Kasuwar Sabon Gari ta ƙone a 2016, muka ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma mai sayen waya ta dubu ɗari biyu ba zai kasa sayen wannan ba.

Yanzu a bakin taga nake turare, ƙamshin ya bi iska, ba ya kama labule kamar na ɗakin Hajiya. Na aika mata guda huɗu bara. Yaya, an ce har yau suna cikin kwali a kan wadrof. Don Allah ka samo tsani.