Iri, dashe ko tukunya: wanne za ka saya don lambun ciyawar daji a Amurka?

Ɗan'uwa da ya samu gida a Chicago, Minneapolis ko Madison, ya gaji da yanka ciyawar ado da ba ta ruwa duk mako, yakan ji maƙwabta suna yabon tsirran makiyayar asali ta yankin. Jihar Illinois, inda Chicago take, a da tana da kusan eka miliyan 22 na wannan makiyaya, yau abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake kwaɗaitar da mutane su mayar da ita ko da a bayan gida ne. Babbar ciyawar wannan makiyaya, Andropogon gerardii, dangin gambarmu ce ta jini, kuma takan fi mutum tsawo.

Hanya uku ake sayen tsirran, kuma girman filinka ne zai raba gardama.

Iri ya fi araha nesa ba kusa ba, amma sai mai haƙuri. Yawancin irin furannin ba ya tsira sai ya sha sanyi da danshi, don haka a Nuwamba ake watsa shi, dusar ƙanƙara ta kwanta a kai. Wanda ya makara sai ya cakuɗa shi da yashi mai laima, ya ajiye a firji kwana 30 zuwa 60. Shekarar farko ba za ka ga abin kirki ba, domin tsiron saiwa yake yi ƙasa, haki kuwa ya cika fili, ka yi ta sassabe shi a tsawon taƙi guda don kada ya zuba 'ya'ya. Sai shekara ta uku lambu ke nuna kansa. Ga mai rabin eka ko fiye, wannan ce hanyar da aljihu zai ɗauka. Sai dai a guji gwangwanin nan mai hoton furanni kala-kala da ake jerawa a manyan kantuna. Sau da yawa akwai irin Turai a ciki. Duba takarda, in ba a jera sunan kowane tsiro na kimiyya ba, ajiye musu kayansu.

Ni dai ga mai ɗan fili, 'yan dashe nake zaɓa. Ana sayar da su a faranti mai ramuka 32, 38 ko 50, a dasa a Mayu bayan sanyi ya wuce, ko farkon Satumba, tazarar ƙafa guda tsakani. Ka san abin da ka dasa da inda ka dasa shi, saboda haka ba za ka tumɓuke furenka da sunan haki ba, kuma da yawa suna fure a shekara ta biyu. Za su so ruwa a makonnin farko, da ɗan shingen waya saboda zomaye. A ƙaramin wuri ka bar babbar ciyawar nan, ka ɗauki ƙanwarta Schizachyrium scoparium da ba ta wuce ƙugu, ka haɗa da furanni irin su Echinacea da Asclepias tuberosa, wanda tsutsar malam-buɗe-littafin monak ke cin ganyensa.

Manyan tsirrai na tukunya tsada gare su, biyu ko uku a bakin ƙofa sun isa.

Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa daga ina irin ya fito, domin na kusa da kai ya fi sanin sanyinku. Tambaye shi kuma ko an yi feshin maganin ƙwari mai shiga jikin tsiro, wanda ke cutar da ƙudan zuma. Gandunan Prairie Moon a Minnesota da Prairie Nursery a Wisconsin sun daɗe a wannan sana'a. Taki kam kada ka saya, haki zai ciyar. Idan hunturu ya zo, bar karan a tsaye tsuntsaye su ci 'ya'yan, ka sassabe a Afrilu. Ƙona fili kuwa, ko da yake makiyayar da wuta ta saba, a gari sai ka nemi izinin hukuma tukuna.