Sharhi kan na'urar GPS mai haska gudu a gilashi: me ya sa agogon mota ke ƙara wa gudu gishiri?

Na'urar ƙaramar aba ce, ba ta kai tafin hannu ba. Ana ɗora ta a kan dashbod, ita kuma ta riƙa haska lambar gudu a jikin gilashin gaba, daidai inda idon direba yake. Wadda na yi amfani da ita mai hanya biyu ce: ko ta karɓi gudu daga tauraron ɗan'adam ta GPS, ko a jona ta da soket ɗin OBD2, wato soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta karanto abin da kwamfutar mota ke lissafawa. Hukuncina a taƙaice shi ne ta cancanci a saya, amma a matsayin ma'auni, don ka san ratar da ke tsakanin agogon motarka da gudun gaskiya. Sauran abubuwan da ake tallata ta da su ado ne.

Abin da zai fara ɗaure wa mai ita kai shi ne lambobin ba sa jituwa. A miƙaƙƙiyar hanya, da allurar agogo a kan kilomita 100 cikin awa cif, ɓangaren OBD2 ya nuna 96, GPS kuma yana lilo tsakanin 95 da 96. A kan 60 ratar ta koma kamar uku, a kan 120 ta kai shida. Da yawa za su ce na'urar ce ke da matsala, ko agogon ya lalace. Babu ko ɗaya. Da gangan aka gina agogon a haka.

Dalilin yana cikin doka. Ƙa'ida mai lamba 39 ta hukumar tattalin arziki ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Turai, wadda ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi, ta ce agogo ba zai taɓa nuna ƙasa da gudun gaskiya ba, ko da kilomita ɗaya. Amma an yarda ya nuna sama, har zuwa kashi 10 cikin 100 na gudun, a ƙara kilomita 4. Ke nan motar da ke gudun 50 agogonta na iya cewa 59, mai gudun 100 ya ce 114, mai 120 ya ce 136, kuma duk bai karya doka ba. Ostareliya ta koma kan wannan tsari ga sababbin samfuran motoci daga 2006. A Amurka lamarin daban ne: dokar tarayya ta manyan motocin kasuwanci ta yarda da kuskuren mil 5 sama ko ƙasa a gudun mil 50 cikin awa.

To ka sa kanka a matsayin mai ƙera mota. An hana ka yin ƙasa kwata-kwata, an ba ka fili mai faɗi a sama. Ba za ka saita agogon daidai wa daida ba, domin ƙaramin canji a taya zai jefa ka ɓangaren da aka haramta. Sai ka matsa sama kaɗan ka huta.

Kuma tayar ce tushen zancen, don mota ba ta san gudunta ba, juyawar ƙafa kawai take ƙirgawa. A motocin yanzu akwai sensa, wato ƙaramar na'ura mai gane motsi, kusa da kowace ƙafa, irin wadda birkin ABS ke aiki da ita, tana ƙirga haƙoran wani zobe ko maganaɗisunsa yayin da yake juyawa. A wasu motocin sensar tana jikin giyabos. Kwamfuta ta ɗauki yawan juyawar ta ninka da kewayen tayar da aka rubuta mata tun a masana'anta. Tsofaffin motoci waya ce mai juyawa daga giyabos take kaɗa maganaɗisu a cikin wani ƙoƙon alminiyum, ƙoƙon ya ja allura, siririn sifirin ya riƙe ta. Dabarar da wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi wa rajista a Jamus a 1902 ke nan. Ko tsohuwa ko sabuwa, lissafin ya dogara ne ga zaton cewa girman taya bai canza ba.

Ga misali da taya mai lamba 205/55 R16. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 632 ne, kewayenta kuma kusan 1,985. Sabuwa tana zuwa da zurfin zane kamar milimita 8. Idan ta cinye ta sauko 1.6, wanda shi ne iyakar da dokar Turai ta yarda da shi, tsayin ya ragu da kusan milimita 13, wato kashi 2 cikin 100. Taya ta ƙanƙance, tana juyawa da yawa kafin ta ci kilomita guda, agogo kuma ya ƙara hawa da kusan biyu a gudun 100. Ƙarancin iska da lodi mai nauyi su ma suna tura shi sama, ko da yake tasirinsu bai kai na cinyewar zane ba.

Inda na'urar ta fi amfani shi ne bayan an canza girman taya. Wanda ya cire 205/55 R16 ya sa 195/65 R15 bai yi komai ba, tsayinsu kusan ɗaya ne, 632 da 634. Amma wanda ya sa 215/60 R16 don motar ta ɗan ɗaga, tsayin ya koma milimita 664, ƙarin kashi 5 ke nan. Motar da da can take gudun 96 idan agogo ya ce 100, yanzu tana yin kusan 101. Ratar kariyar ta tafi gaba ɗaya, kuma babu fitilar da za ta kama a dashbod ta gaya maka. Kilomitocin da motar ke tarawa ma za su riƙa yin ƙasa da abin da ta taka.

A nan ne nake da ƙorafi kan yadda ake sayar da waɗannan na'urori. Ana gabatar da ɓangaren OBD2 kamar shi ma ma'aunin gaskiya ne, alhali shi da agogon daga wuri ɗaya suke sha, wato sensar ƙafa. Bambancin kawai shi ne a motoci da yawa ƙarin da ake yi ana yin sa ne a cikin agogon dashbod, don haka lambar OBD2 ta fi kusa da daidai muddin tayar asali ce a jiki. Da zarar taya ta canza, tare za su ɓata. Mai son shaida mai zaman kansa sai GPS, wanda ke auna gudu daga sauyin da motsi ke jawo wa siginar tauraro, ba ruwansa da taya. Abu na biyu, a duba saitin na'urar kafin a yarda da ita: tana da wurin ƙara ko rage kaso don lambarta ta yi daidai da agogo, kuma tawa ta zo da ƙari a ciki. A mayar da saitin kan kashi 100, wato ba ƙari ba ragi, in ba haka ba an sayi agogo na biyu mai irin halin na farko.

GPS ɗin ma yana da nasa rauni. Idan aka taka totur ko birki da ƙarfi, lambar kan biyo baya da kamar daƙiƙa ɗaya. A ƙarƙashin gada mai tsawo, ko ramin hanya, ko tsakanin dogayen benaye, takan daskare ko ta yi tsalle. Da safe kafin ta kama taurari sai an ba ta rabin minti zuwa minti guda. Gangare kuwa ba abin damuwa ba ne kamar yadda ake yayatawa, don ko hawan da ya kai kashi 10 cikin 100 kuskurensa rabin kashi ɗaya ne. Gilashin gaba mai rufin ƙarfe na kare zafi shi ne ke toshe sigina sosai.

Gwajin da ya dace shi ne a samu hanya shimfiɗaɗɗiya, sama a buɗe, iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A riƙe gudu ɗaya na daƙiƙa goma kafin a karanta, wani na gefe ya rubuta, a maimaita a 40 da 80 da kuma iyakar da hanyar ta yarda. Idan ratar ba ta canzawa, uku a ko'ina misali, ƙarin masana'anta ne tsantsa. Idan tana faɗaɗa yayin da gudu ke ƙaruwa, akwai kaso a ciki, na masana'anta ko na taya. Idan kuwa agogo ne a ƙasa da GPS, a duba lambar taya tun kafin a je wurin makanike. Mai shakkar na'urar kanta zai iya tantance ta da alamomin kilomita na gefen hanya: a gudun 100 na gaskiya kilomita ɗaya daƙiƙa 36 ne. A raba 3,600 da daƙiƙun da aka samu. Idan 38 ne, gudun ya kusa 95. A auna kilomita biyar a raba daƙiƙun biyar ya fi, don kuskuren yatsa ya narke.

Ta fuskar jiki, lambobin manya ne, da dare suna rage haske da kansu. Da rana tsaka kuwa sai an liƙa ledar da ke cikin kwalin, domin hasken na dawowa daga fuskar gilashin ta ciki da ta waje, kuma ba tare da ledar ba lambar na fitowa da inuwa. Tabarmar robar da ke riƙe ta takan saki idan dashbod ya ɗau zafi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wuta: baki na 16 a soket ɗin OBD2 yana ɗauke da wutar batir ko an kashe mota. Na'urar tana kwanciya da kanta, amma motar da za ta daɗe a ajiye gara a zare wayar. Wanda GPS kaɗai yake so ya jona ta da USB, ya bar soket ɗin.

Ga mai tambayar ko manhajar waya ba za ta wadatar ba: don gwaji na lokaci ɗaya ta wadatar, sai dai yawancin wayoyi sau ɗaya suke sabunta lambar a daƙiƙa, kuma duba waya a kan tuƙi wani haɗari ne. Na'urar ta fi dacewa da mai yawan doguwar tafiya, da wanda ya canza taya ko rim, da mai tsohuwar motar da allurarta ke rawa. Ban ba da shawarar a kai agogo a rage masa ƙarin ba, domin ranar da aka sa sababbin tayoyi kashi biyun nan na cinyewar zane zai dawo, agogon da aka saita daidai a kan tsofaffi kuma ya koma nuna ƙasa da gudun gaskiya.