Kulas na okaziyo ko sabo: amsa ga mai tsohuwar Hilux

Salamu alaikum 'yan uwa. Malam da ya yi tambaya kan Hilux ɗinsa mai inji 3L, wai kulas, wato kan injin da ke rufe saman piston, ya tsage, ruwa na ɓacewa a radiyata farin hayaƙi na fita ta baya, ko ya sa na okaziyo, wato wanda aka ciro daga wani injin, ko ya sayi sabo. To ni dai a ganina na okaziyo ya fi, amma sai in an gwada shi a gabanka.

Sabo na asali na Toyota kam ba mu da ta cewa, in aljihu zai ɗauka. Sai dai ba kowa zai zuba wannan kuɗi a motar da ta kwashe shekaru tana jigilar buhuna a hanyar Tanout ba. Sabon da aka fi gani a shago na China ne, cikin kwali yana ƙyalli. Shi zafin inji bai taɓa dafa shi ba, wannan gaskiya ne, kuma akwai masu kyau, amma da ido ba ka iya bambancewa. Sau da yawa ma tsirara yake zuwa, ba supap (masu buɗe wa iska da hayaƙi hanya su rufe) ba komai, sai ka kwashe na tsohonka ka mayar, kuɗin aiki ya ƙaru.

Na okaziyo kuwa ƙarfen Japan ne, galibi da supap ɗinsa da komai, kuma ya fi sauƙi. Matsalarsa ɗaya ce mai girma, ba ka san abin da ya kashe motar da aka ciro shi ba. In hatsari ne aka daki bayanta, ka yi sa'a. In zafi ne ya kashe ta to ciwonka ka sake saye da kuɗinka. Shi ya sa wanda aka ciro daga injin da ya sauko ta Kwatano ko Lome ya fi mini kwanciyar hankali a kan na motar da ta gama rayuwarta nan cikin rairayi ana ɗura mata ruwan rijiya.

Gwajin ba wuya. A wanke shi tas da gazuwal, a duba tsakanin supap biyu da kyau don nan ya fi tsagewa. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa, in lanƙwasar ta wuce milimita 0.15 sai an kai an fere. Kuma ka lura ko an taɓa fere shi a baya, don kulas ɗin gazuwal ba ya son a yi ta cinsa. A zuba esans ta ramukan supap a ga ko yana tsiyaya. Babba cikinsu shi ne a toshe hanyoyin ruwa a hura masa iska cikin ruwan zafi, in kumfa ta taso ka bar musu kayansu, tsagar da ke ciki ido ba ya ganinta. Ko nan Damagaram ka saya ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ku yi magana gaban shaida tun kafin kuɗi su fita, in ya faɗi gwaji za a maido. Mai kayan da ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da ya sani.

Ka tafi da tsohon naka a jera su gefe da gefe. 2L da 3L da 5L kamar 'yan ɗaki ɗaya suke a ido, amma 2.4 ne da 2.8 da 3.0, kada wani ya ce maka ai duk ɗaya ne. Masu inji 22R na esans ku ma ku kula, na kafin 1985 da na bayansa ba sa hawa juna.

Walda kuwa ban ba ka shawara ba. Kulas ɗin 3L ƙarfen zubi ne, ba ya riƙe walda sai a hannun gwani mai murhun gasa shi, in ba haka ba gefen ɗinkin zai sake buɗewa.

Wanne ka ɗauka dai, juwan, wato shimfiɗar da ake sa wa tsakanin kulas da jikin inji, sabo mai kyau za ka sa, kaurinsa daidai da yadda piston ke leƙowa, a ɗaure kusoshi bi da bi da makullin awo ba da ƙarfin damtsen yaron gareji ba. Sannan a nemo abin da ya dafa na farkon. A wanke radiyata, a duba pampon ruwa da fanka da murfin radiyata, a maida kalostat, mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, in an cire, a bar zuba ruwan rijiya tsura. In an bar wannan, zafin Afrilu da lodin gero daga Magariya sun isa su tsaga ko na Toyota ne fil daga kwali.