Land Cruiser 80 ko Prado 90: wacce ce ƙafarta ta fi aminci idan ta tsufa?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an nuna maka motoci biyu, Land Cruiser 80 ƙirar 1996 da Prado 90 ƙirar 2000, kana neman wadda za ta riƙa kai ka ƙauye ta hanyar burji, da iyali da 'yan buhuna a baya. Ka kuma ce hoton wata Prado da tayarta ta gaba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota ya hana ka sukuni, shi ya sa kake tambayar wacce ta fi aminci wajen ƙafa da sitiyari. Mafi yawan 'yan'uwa a zauren nan sun amsa maka ta fuskar inji da shan mai. Ni a kan ƙafa zan tsaya, wato ƙarafan da suka haɗa tayoyi da jikin mota, domin inji idan ya mutu gefen hanya za ka faka, ƙafa kuwa idan ta saki kana cikin gudu, rayuka ake magana.

Da farko a tuna shekarunsu. An ƙera 80 a Japan daga 1990 zuwa 1997, Prado 90 kuwa daga 1996 zuwa 2002. Ke nan mafi ƙuruciyar cikinsu ta haura shekara 20. Duk robar da ke ƙarƙashinsu ta sha rana da ƙura, duk notin da ke jikinsu hannun bakanike ya taɓa shi. Sunan Toyota ba zai gyara wannan ba.

Bambancinsu na asali a gaba yake. 80 aksil guda gare ta, ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, a kan sifirin mai naɗi, da hannuwa biyu dogaye da suka riƙe shi, da wani ƙarfe a gicciye da ake kira fanhad wanda ke hana shi zamewa hagu ko dama. Sitiyarinta na akwati ne, irin na manyan motoci, yana tura tayoyi ta dogayen sanduna. Prado 90 kowace tayar gaba zaman kanta take yi, da hannu sama da hannu ƙasa, da bol-joyin a bakin kowanne, wato mahaɗi mai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa a cikin gidansa, sitiyarinta kuma na rak ne irin na ƙananan motoci. Shi ya sa Prado ta fi laushi a gargada, ta fi sauƙin sarrafawa a cikin gari, 80 kuwa ta fi jure nauyi da duka.

Bari in fara da abin da ya tsorata ka, domin tsoron yana da tushe.

A Prado 90, bol-joyin na ƙasa ɗaure yake da kusoshi huɗu a gindin gwiwar taya, wato ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa, sandar ƙwallon tana kallon ƙasa ta ratsa hannun ƙasa. Nauyin mota yana danna hannun ƙasa, taya kuma tana tura gwiwa sama. Saboda haka kullum ƙwallon jan sa ake yi daga cikin gidansa, kamar cikakken guga a bakin igiya, duk nauyin a ƙullin yake. A motocin da nauyi ke danna ƙwallon cikin gidansa, ko ya cinye zai yi ta ƙara yana nan zaune. A wannan tsarin, ranar da bakin gidan ya buɗe, ƙwallon fita yake yi gaba ɗaya. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne, tairod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, shi ma a jikin ƙarfen bol-joyin ɗin yake ɗaure. Idan ƙwallon ya fita, taya ta kwanta, shaf ɗin da ke juya taya ya zare, sau da yawa tiyon birki ya tsinke, sitiyari kuma ya tashi daga aiki a wannan ɓangaren, duk a lokaci ɗaya. Yakan faru a tafiyar sannu, wajen shan kwana ko hawa tudun rage gudu, amma yana faruwa a kwalta ana cikin gudu ma.

Wannan tsarin ba Prado kaɗai ke da shi ba. 4Runner ta 1996 zuwa 2002, wadda ake kira Hilux Surf a Japan, ƙafarsu ɗaya. A 2005 Toyota ta kira dubban ɗaruruwan motoci a Amurka domin sauya bol-joyin na ƙasa, ciki har da 4Runner ta 2001 da 2002 da Tacoma da Tundra da Sequoia, saboda ƙarzuwar da ƙwallon ya samu tun a masana'anta, wadda ke sa ya ci da wuri. Alamomin da aka bayyana a lokacin su ne dai waɗanda ya kamata ka kula da su yau: sitiyari ya yi nauyi, ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana, ko a riƙa jin ƙara daga gaba. Da aka zo Prado 120 an sauya fasalin wurin.

Matsalar ita ce waɗannan alamomin ba su da ƙarfi, mai mota yakan ɗauka man fawa na sitiyari ne ya yi ƙasa. Kuma gwajin da aka saba yi a gareji, a ɗaga mota da jak a jijjiga taya da hannu, sau da yawa ba ya nuna komai a wannan motar. Sai an sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa kusa da joyin ɗin, yadda jak zai ɗauke nauyin sifirin, sannan a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga, wani yana kallon joyin ɗin da fitila. In ya motsa ko kaɗan, ya gama. In robar da ta rufe shi ta yage, ya gama, domin yashi ya riga ya gauraya da giris.

Shawarata kan Prado ba ta da kwana-kwana. Kada ka jira gwaji. Ranar da ka saya, kafin iyali su shiga, a sauya bol-joyin na ƙasa duka biyu, na asali, tare da sababbin kusoshinsa huɗu-huɗu. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, za a nuna maka kala uku ko huɗu a kwali iri ɗaya, farashi daban-daban. Akwai wuraren da mutum zai lallaɓa da mai araha, bushin ko fitila, amma ban da nan. Ɗan Beljiyam ma ban yarda da shi a wannan wurin ba, ko da na asali ne, domin babu wanda zai gaya maka tafiyar da ya riga ya yi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne dabarar da wasu ke yi ta bubbuga bakin gidan da guduma ko cusa roba a ciki don ya daina motsi. Wannan ɓoye cuta ne, kuma wanda zai hau motar bai sani ba.

Rak ɗin Prado kuwa maganarsa gajeriya ce. Robobin da suka riƙe shi suna laushi, bakinsa na ciki yana sakwarkwacewa, yana yoyon mai. Za ka ji mota tana yawo a hanya kana ta gyara mata zama. Abin gyarawa ne, kuma yana ba da sanarwa tun da wuri.

To, 80 fa?

Ba ta da bol-joyin da ke ɗaukar nauyi a gaba. Gwiwarta tana juyawa ne a kan boris biyu, sama da ƙasa, a jikin wani dunƙulallen ƙarfe a bakin aksil, cikinsa kuma akwai joyin ɗin da ke juya taya, cike da giris. Cutar da aka fi saninta da ita ita ce sil ɗin ciki, wato robar da ke tare mai, ya mutu, man aksil ya gangaro ya narkar da giris, sai ka ga baƙin kunu yana tsiyaya a bayan taya. Duk 80 ɗin da ka ga bayan tayarta ya jiƙe haka, ka sa kuɗin buɗe gwiwa biyu cikin lissafinka: sil, boris na gwiwa, boris na taya, giris. Aikin yini guda ne ga wanda ya iya, kuma yana buƙatar bakaniken da ya san yadda ake daidaita matsin boris, ba wanda zai ɗaure noti da kurfi da guduma ba.

Amma kada a ce maka 80 ba ta da nata mugun wurin. A gindin kowace gwiwa akwai kusoshi huɗu da suka riƙe hannun sitiyari, kuma wannan hannun shi ne ke riƙe da boris ɗin ƙasa na gwiwar. Gargada tana sassauta notinsu a hankali. Idan suka yi sako-sako suka ci gaba da aiki a haka, sai su karye ɗaya bayan ɗaya, ranar da na ƙarshe ya tafi sitiyari ya rabu da taya. A motar da sitiyarinta ke hagu, gwiwar dama ce ta fi shan wahala, domin nan sandar da ta taso daga akwati take ƙarewa. Bambancinsa da na Prado shi ne wannan ana ganinsa da ido, ana kuma taɓa shi da sifana ba tare da an kwance komai ba. Matsin kowane noti nitan-mita 96 ne. Duk wanda ke bin burji da 80 ya mai da duba notin nan takwas al'ada, kamar yadda yake duba ruwa da baƙin mai.

Sai a leƙa jikin shasi inda akwatin sitiyari yake ɗaure, da inda fanhad ya kama. Wurin yana tsagewa, musamman a motar da aka sa wa manyan tayoyi. A wanke laka da mai sosai, wani ya riƙa murɗa sitiyari hagu da dama mota tana ƙasa, kai kana kallo. Idan ka ga tsaga tana buɗewa tana rufewa, ko ka ga tsohuwar walda an shafe ta da baƙin fenti, ka tambayi dalili.

Akwai kuma kakkarwar nan da masu aksil guda suka sani: ka taka rami kana tafiyar kilomita 70 ko 80, sai gaban mota ya ɗauki rawa, sitiyari yana fizgar hannunka, ba zai daina ba sai ka rage gudu sosai. Tushensa bushin ɗin fanhad da ya mutu, ko tairod, ko boris mai sako-sako, ko tayar da ba a daidaita ba. Sau da yawa sai a sauya ƙaramin shokazoban sitiyari a ce an gyara. Rawar ce kawai ya danne na ɗan lokaci, abin da ya saki yana nan a sake.

Wani abu da ya shafi 80 fiye da Prado shi ne ƙarin tsayi. Ana son a ga mota ta yi tsaye, sai a sa dogon sifirin. Yin haka yana murɗa aksil, ya rage kishingiɗar gwiwa da ke sa sitiyari komawa tsakiya, mota ta koma yawo a kwalta. Akwai kuma bawul a baya da ke auna nauyi yana raba ƙarfin birki, idan an ɗaga mota ba a daidaita shi ba birkin baya yana raguwa. Ga shi dama dukansu dogaye ne, nauyinsu a sama yake. Buhunan da za ka ɗauka, a shimfiɗa su a ƙasa cikin mota, kada a labta su a rufi, domin kifewa a kwana daga nan take farawa.

A baya kusan kunnen doki suke: aksil guda, sifirin mai naɗi, bushin da shokazoba da suke gajiya. Abin dubawa shi ne tsatsa a inda hannuwa suka kama shasi, musamman motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, da kuma man aksil da ke yoyo ya jiƙa birki. Ka duba shekarun tayoyi ma. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako ne da shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Taya tana iya kasancewa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya rinjayi duk abin da na faɗa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, Nijar kuwa dama can haka take, don haka motocin da aka ƙera wa Japan ko Ingila, masu sitiyari a dama, sai an juya musu shi zuwa hagu. Prado 90 da Hilux Surf da yawa ta wannan hanyar suka shigo. Akwai juyin da aka yi da kayan asali, akwai kuma wanda aka yanke sandar sitiyari aka haɗa da walda, aka huda shasi aka ɗaura akwati ko rak a inda ba a tanada ba. Ka duba bangon da ke tsakanin inji da direba ko akwai faci, ka duba ɓangaren da waifa ke kwanciya, ka bi sandar sitiyari da ido tun daga sama har ƙasa. Idan ka ga walda a jikinta, ka bar motar, 80 ce ko Prado, komai kyanta.

Idan duka biyun sun tsallake wannan, ga hanyar da ka bayyana da nauyin da za ka riƙa ɗauka, 80 zan zaɓa maka. Ƙafarta an gina ta ne don irin wannan aikin, shi ya sa har yau Toyota ke ƙera Land Cruiser 70 da aksil guda a gaba, kuma kusan duk abin da zai lalace a jikinta sai ya yi yoyo, ko ƙara, ko rawa kafin ya saki. Sai dai za ta ci mai fiye da Prado, kayanta sun fi tsada, kuma tana son mai ita ya riƙa durƙusawa yana leƙa ƙarƙashinta. Idan aljihu ya fi karkata ga Prado, ko kuma rabin tafiyarka a kwalta ne, ka saye ta ba tare da fargaba ba, amma ka cire kuɗin bol-joyin biyu na asali daga farashin tun wajen ciniki, ka rubuta ranar da aka sa su da kilomitar da mota take kai, kuma duk lokacin da aka sauya baƙin mai a duba robarsu. Ranar da za ka je ganin motocin, ka tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ku nemi wurin da akwai rami ku shiga ƙarƙashinsu da fitila.