Furostagilandin kaɗai ko CIDR haɗe da GnRH: wanne ya fi dacewa da shanu

Malam, tsakanin allurar sinadarin furostagilandin kaɗai da CIDR (na'urar da ake saka wa saniya a farji tana sakin sinadarin furojestiron) haɗe da allurar GnRH (sinadarin da yake sa jakar ƙwai ta fashe ta saki ƙwai), domin shanunka su nemi bijimi lokaci guda a ɗura musu maniyyi, ni dai CIDR zan ce ka ɗauka, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwai yake girma a jikin saniya.

A zagayen saniya na kimanin kwana 21, jakunkunan ƙwai suna tasowa ne rukuni-rukuni, sau biyu ko uku. Sinadarin FSH, wanda jikin saniya yake fitarwa, shi ne yake tayar da kowane rukuni, sai jaka ɗaya ta zarce sauran idan ta kai wajen milimita 8 a shanun Turai, ko ƙasa da haka a shanu masu tozo, ta riƙa fitar da sinadaran istiradiyol da inhibin waɗanda suke danne FSH har sauran su shanye, ita kuma ta koma dogaro da wani sinadarin jiki mai suna LH. Furostagilandin ba ya taɓa waɗannan jakunkuna ko kaɗan. Aikinsa narkar da ƙullutun rawaya mai fitar da furojestiron, ƙullutun da yake tsirowa a gurbin jakar ƙwan da ta fashe, kuma ba ya tasiri a kwana biyar na farko bayan fashewar. Saboda haka wata saniyar ta nemi bijimi bayan kwana biyu, wata sai bayan biyar, wadda ba ta zagaye kuwa an yi asarar allurar. Na taɓa sayen Estrumate, wani samfurin furostagilandin. Yana da sauƙin kuɗi, kuma yana amfani ga karsana mai jiki wadda ake ganin zagayenta, iyakarsa ke nan.

CIDR kuwa ya fitar da ni kunya a kan shanuna masu shayarwa da suka daɗe da haihuwa ba su nuna alamar komai ba. Likitan dabbobi ya yi musu GnRH, ya saka musu na'urar a farji, igiyarta tana leƙowa waje, bayan kwana 7 aka zare ta aka yi furostagilandin tare da eCG, allurar da take taimaka wa jakar ƙwai ta girma, saboda ramar da suke da ita. Ba a cika kwana biyu ba sai ga su suna hawan juna, yauƙi garai-garai yana zuba har kan wutsiya. A rana ta 9 aka sake GnRH, aka ɗura maniyyi bayan kimanin awa 16. Tsarin alluran GnRH da furostagilandin shi ne ake kira Ovsynch, wanda Pursley da Wiltbank suka fitar a Wiskonsin ta Amurka a 1995: GnRH na farko yana fasa jakar da ta girma domin sabon rukuni ya taso, furojestiron na CIDR kuma yana tsaya wa saniyar da ba ta da ƙullutun rawaya.

Sai dai allura ba ta maye gurbin abinci. Hanta ce take samar da mafi yawan sinadarin IGF-1, wanda yake ƙara wa jakar ƙwai ƙarfin amsa FSH da LH, kuma yana raguwa idan saniya ta rame, don haka ka fara gyara musu kiwo.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu wanke tsohon CIDR su sayar da shi a matsayin sabo, akwai masu goge ranar lalacewa, akwai kuma masu barin eCG a cikin zafi alhali a firji ake ajiye shi. Kada ka karɓi abin da ba ya cikin rufaffiyar ledarsa. Kafin kowace allura a duba ko saniyar tana da ciki, domin furostagilandin yana zubar da shi, kuma mace mai juna biyu da mai ciwon asma kada su taɓa kwalbar.