Kafin ka sayi sabon katin RAID, duba batirinsa tukuna

Wani ƙanena da ke kula da saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita) a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Samaru ya kira ni kwanaki hankali a tashe, wai Yaya saba ta yi nauyi ko fayil ɗaya sai an yi ta jira, kuma mai gyara ya ce katin RAID (wanda ke haɗa diskokin saba su yi aiki tare) ne ya mutu sai dai sabo. Da na je muka buɗe sabar, Dell R710 ce, ƙurar hunturu ta cika fankoki, ga batirin katin RAID ɗin, wato PERC H700 na Dell, ya kumbura kamar ƙosai a mai, katin kuwa lafiyarsa ƙalau. Wallahi abin ya dame ni don kuɗin kati aka kusa zubarwa a banza.

Katin nan yana da 'yar ma'ajiya inda yake ajiye bayanai kafin ya kai su diski, batirin ne ke riƙe su in wuta ta ɗauke. Da zarar kati ya ga batir ya yi sanyi sai ya daina amfani da ma'ajiyar wajen rubutu, yana jiran diski kai tsaye, to nan ne nauyin ke fitowa. Batirin lithium ne, shekara 2 zuwa 3 ya fara gajiya, balle a ɗakin da babu AC cikin zafin Maris da Afrilu na Zariya.

In batir za ka saya zaɓi biyu ne a gabanka, na hannu da aka ciro daga wata saba, ko wanda ake ce wa sabo. Ni dai na hannu ba na so ko kaɗan, ya riga ya sha zafinsa a wani wuri. Amma shi ma sabon ka sa a turo maka hoton ranar da aka ƙera shi, don lithium yana tsufa ko a cikin leda yake. Akwai katunan da ke amfani da kapasita (wani ɗan abu mai riƙe caji na ɗan lokaci) maimakon batir, irin HP Smart Array P420 ko LSI masu CacheVault, in wuta ta tafi sai su kwashe bayanan zuwa filashi, wato ma'ajiyar da ke riƙe bayanai ko babu wuta, nan take, kuma sun fi daɗewa, gaskiya su suka fi dacewa da mu masu janareto da inbata. Sai dai ba a jona kapasita a katin da aka yi don batir. Kuma don Allah kar wani ya ce ka tilasta wa kati amfani da ma'ajiyar babu batir don saba ta yi gudu, ɗauke wuta ɗaya ta isa ta lalata bayanan.

In kuwa katin ne ya mutu da gaske, nemi irinsa ko ɗan gidansu. Tsarin RAID ɗin yana rubuce a jikin diskokin, shi ya sa wani PERC zai iya gane aikin ɗan'uwansa, amma katin Dell ba zai karanta diskokin da HP ya tsara ba. Ka duba siffa ma, misali katin PERC H710 akwai ƙarami mai zama kan uwar allo akwai mai shiga ramin PCIe. Tokumbo daga Computer Village na Ikeja yana yi, muddin mai shago zai nuna maka bidiyonsa yana aiki, ya kuma yarda da canji. In ka sa shi ya nuna Foreign Configuration, wato ya ga tsarin wani kati a jikin diskokin, Import za ka danna ya karɓi tsarin, kar hannunka ya kusanci Clear mai goge shi. Kebul ɗin SFF-8087 mai haɗa kati da diskoki ma gwada wani tukuna kafin ka sayi kati, shi ne mafi araha.

In diski za ka canza kuma, girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, ba a cakuɗa diski nau'in SAS da nau'in SATA a rukuni ɗaya, kuma ka guji masu SMR (salon rubutu da layukan bayanai ke hawa kan juna), irin wanda ya jawo surutu kan wasu diskokin WD Red a 2020, don suna wahalar da sake ginin RAID. In tsarin diskokinka nau'in RAID 5 ne kwafe bayananka waje kafin ka taɓa komai, diski ɗaya kawai yake iya rasawa.

Mu dai batir muka saya, muka hure ƙurar, da ya cika caji saba ta dawo gudunta.