Fort Monroe: tsohon barikin da yarana suke koyon tarihi da halittun ruwa

Duk wanda ya zo mana baƙunta a Norfolk ya ce in nuna masa gari, Fort Monroe nake fara kai shi, kantuna su biyo baya. Tsohon barikin soja ne a garin Hampton na jihar Virginia a Amurka, a kan wani ɗan tsirin ƙasa da ake kira Old Point Comfort, daidai inda ruwan Hampton Roads yake haɗuwa da mashigin tekun Chesapeake. Sojoji sun tashi daga wurin a watan Satumba na 2011, ranar 1 ga Nuwamba na shekarar kuma shugaba Barack Obama ya sa hannu aka mai da shi wurin tarihi na ƙasa. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, gidan tarihin da ke ciki ma kyauta ne. Uwa mai yara uku a ƙasar nan ta san darajar wannan.

An fara ginin a 1819, aka gama a 1834, kuma babu ganuwar dutse da aka taɓa ginawa a Amurka da ta kai ta girma. Gwalalo cike da ruwa ya kewaye ta, sai ka bi ta kan gada ka ratsa wata ƙofa mai ƙunci wadda mota ɗaya kawai take iya wucewa. Ana hawa saman ganuwar a zagaya da ƙafa, tafiyar kusan kilomita biyu. Daga can kana hangen hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke nan tun 1802, da manyan jiragen kaya da na yaƙi suna shiga da fita. A saman ma akwai ƙananan kaburburan karnuka da kuliyoyin iyalan sojoji, abin da ya ba Autana mamaki har ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunaye.

Tarihin wurin mai nauyi ne, kuma ba a ɓoye shi ba. A nan ne a ƙarshen watan Agusta na 1619 jirgin White Lion ya tsaya da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, mutanen da aka kamo daga yankin Angola ta yau, aka yi musayarsu da kayan abinci. Ganuwar kanta da gumin bayi aka ɗora duwatsunta. A watan Mayu na 1861 kuma, farkon yaƙin basasa, wasu bayi uku, Frank Baker da Shepard Mallory da James Townsend, suka tsallako ruwa cikin dare suka nemi mafaka. Da aka zo karɓarsu, Janar Benjamin Butler ya ƙi miƙa su, ya ce tunda ana sa su aikin yaƙi a ɓangaren 'yan tawaye, sun zama ganima. Kafin ka ce kwabo labari ya bazu, dubban mutane suka yi ta kwararowa, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Bayan yaƙin, a cikin ganuwar nan aka tsare shugaban 'yan tawayen, Jefferson Davis, daga 1865 zuwa 1867, kuma ɗakin da aka fara ajiye shi yana cikin gidan tarihin. Babbar 'yata ta daɗe tsaye a gaban allon 1619, sannan ta ce, “Umma, ashe a nan aka fara, kuma a nan aka fara kwancewa?” Na ce mata haka ne, na bar ta ta ƙarasa karatunta.

Amma yaro ba zai yi ta komawa wuri ɗaya don ya ji abin tausayi ba. Abin da yake sa nawa suke tashina da sassafe ranar Asabar, ruwan ne da abin da ke cikinsa, kuma a nan wurin ya fi burge ni. A ofishin karɓar baƙi ana ba yara wani ɗan littafi na tambayoyi da zane-zane, su zagaya suna cikewa. Idan sun gama, ma'aikacin wurin ya duba, ya sa su ɗaga hannu su yi alkawarin kula da wurin, ya ba su baje su maƙala a riga. Ɗana na tsakiya, wanda sai da faɗa yake buɗe littafin makaranta, da gudu ya yi ta neman amsoshi.

Bayan ganuwar akwai wata fadamar ruwan gishiri da ake kira Mill Creek. A nan muke zama da madubin hangen nesa muna kallon zalɓe yana takawa a hankali cikin ciyawa, da wani shaho mai kamun kifi wanda yake gina sheƙarsa da kirare a kan dogayen turaku. Ka ga ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, sai ya faɗo da ƙafafu gaba ya dulmiya, ya taso da kifi, ya juya kan kifin ya fuskanci gaba don kada iska ta dame shi. Wata dattijuwa mai aikin sa kai ce ta nuna mana wannan juyin, ita ce kuma ta gaya wa yaran cewa tsuntsun ya kusa ƙarewa saboda maganin ƙwari na DDT, wanda yake sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi ya fashe tun kafin ƙyanƙyasa. Da aka hana amfani da maganin a 1972, sai suka farfaɗo, yanzu Chesapeake tana cikin wuraren da suka fi yawansu a duniya. A watan Maris suke dawowa, da kaka su yi kudu. A tsakiyar ruwan Hampton Roads kuma ana hango ɗan tsibirin Fort Wool, wanda a 2020 aka bar wa tsuntsayen teku su yi ƙwai, saboda aikin faɗaɗa hanyar ƙarƙashin ruwa ya cinye musu tsohon mazauninsu.

Kamun kaguwa kuwa wani dattijo Baƙar fata ne ya koya mana, ba tare da mun roƙa ba. Ya ga yaran sun zuba wa bokitinsa ido, sai ya miƙa wa Auta zare da wuyan kaza ɗanye ɗaure a ƙarshensa. Ka saki zaren har ƙasa, ka jira ka ji ana ja, ka ɗago a hankali a hankali, wani ya zura raga ta ƙasa. Da ta fito sai ya kama ta ta baya, ya kifar da ita ya nuna musu cikinta: namiji yana da alama siririya doguwa, mace tata faffaɗa ce, kuma bakin hannuwanta ja ne kamar an sa mata lalle. Ƙananan da ba su kai girma ba duk ya sa yaran suka mayar da su ruwa da hannunsu. Babba mai son jefa fatsa yana buƙatar lasisin jiha, yaran da ba su kai shekara 16 ba kuwa ba ruwansu da shi.

Mun shiga aikin gayyar tsaftace bakin ruwa da aka yi a faɗin Virginia ranar Asabar ta farko ta watan Yuni, aikin da aka fara tun 1989, wanda ƙungiyar Chesapeake Bay Foundation take jagoranta. Ana ba ka safar hannu da leda, ka bi rairayi kana tsinta. Guntun sigari, murfin kwalba, zaren fatsa da ya cukurkuɗe, su suka fi yawa. A gefe wasu suka ajiye tankunan gilashi biyu cike da ruwa mai dauɗa, ɗaya da kawa a ciki, ɗaya babu. Kafin mu gama tsinta, mai kawar ya washe. Suka ce babbar kawa guda tana iya tace ruwan da ya kai lita 190 a yini idan yanayi ya yi mata daɗi. A ranar na yi hira da iyalan sojoji da 'yan coci da ɗaliban Jami'ar Hampton, mutanen da in ba don ledar sharar nan ba, da gaisuwa ma ba za ta haɗa mu ba. Zaman baƙunta yana da kaɗaici, wallahi na ji daɗin wannan cuɗanya.

Kada a bar wurin ba a tsaya ƙarƙashin tsohuwar bishiyar nan da ke filin faretin cikin ganuwa ba, wadda ake kira Algernourne. An ƙiyasta shekarunta sun kai 500, wato tana tsaye lokacin da jirgin 1619 ya iso. Rassanta sun bazu sun sunkuyo, ganyenta kore shar ko da hunturu. A kan ciyawar da ke kusa muke shimfiɗa tabarma mu ci abinci, Baban yara ya ja mu sallar azahar, babu wanda ya taɓa yi mana kallon banza.

Ga mai shirin zuwa: ki dafo abincinki ki zo da ruwa mai yawa, har da na alwala. Rairayin ba shi da inuwa, saboda haka lema dole ce, sauro kuma yana fitowa da yamma ta wajen fadamar. Mai son kauce wa cunkoso da shigar masu wanka ta zo da sassafe, ko ta bari sai Satumba da Oktoba, lokacin da zafi ya sauka kuma wurin ya yi sarari. A duba kalandar wurin kafin a fito, don shirye-shiryen yara sun fi yawa a lokacin zafi, kuma a ƙarshen Agusta ake taron tunawa da saukar 'yan Afirkan farko, da kiɗa da addu'o'i. Idan daga Norfolk za a taso, hanyar ƙarƙashin ruwa tana cushewa sosai da rana a ranakun hutu, don haka mu kafin ƙarfe takwas mun riga mun tsallaka.